Amshin da Na Yi a Birmingham

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. Matan ajinmu na Islamiyya, maƙwabta, har Hajiya Mairo da ba ta cika shiga sha'anin kowa ba, duk maganarsu ɗaya: "Hajiya Kulu, yaya ƙasar Turawa?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, sai dai sanyi," in jawo wani zancen. Wata biyu ke nan ina wannan kauce-kaucen. Yanzu abin ya fara hana ni sukuni, domin ina tsoron kada ɓoye rabin labari ya zama ƙarya a wurin Allah. Saboda haka ga shi na rubuta duka, har da wurin da ba na so a sani. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kada a sake tambayata.

Ɗana na fari ne ya aiko mini da takardar gayyata. Ba na kama sunansa, Dakta dai ake ce masa. Karatu ya kai shi Manchester, da ya gama suka riƙe shi yana koyarwa. Matarsa Rukayya 'yar Zariya ce. 'Yarsu ɗaya, takwarata Hauwa'u, suna kiranta Jidda. A can aka haife ta, shekararta goma sha shida, sau biyu kacal ta taɓa zuwa Kano.

Tun daga Abuja na fara jan magana. Na sha lalle har wuyan hannu don kada in je wa surukata hannu fari, ashe injin da ke ɗaukar zanen yatsu ba ya shiri da lalle. Na dangwala, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ma'aikaciyar ta ba ni tsumma na goge har yatsuna suka yi zafi kafin ya karɓa. Sati uku na yi ina jiran biza, kullum ina cewa lallen nan ya kashe mini tafiya. Sai ga ta ta fito.

A jirgi ban ci komai ba sai burodi, don ban san wanda ya yanka kazar ba. Da muka sauka na miƙa wa jami'in fasfo wasiƙar da Dakta ya rubuta mini. Ya karanta, ya dube ni, ya buga hatimi. Na ɗauki jakata na bi mutane. Har na hango ƙofar fita, sai na tuna Dakta ya ja mini kunne cewa ba a shiga ƙasar da nama. Ga kuwa kilishin da Hajiya Mairo ta cusa mini a jaka ranar tafiya. Ba wanda ya tsayar da ni, ba wanda ya tambaye ni. Ni na juya da ƙafata, na nemi wani mai kaki, na zuge jaka a gabansa. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, suka duba kuka, suka duba busasshiyar kuɓewa, suka mayar mini da su. Kilishin kuwa suka jefa a wani kwando. Hajiya Mairo, ki yafe ni. Godiyar da na kawo miki daga Dakta ta gaskiya ce, amma ko ƙanshinsa bai ji ba.

Awa guda yana tsaye yana jirana. Da na ba shi labari ya riƙe kai.

"Hajiya, wa ya tambaye ki?"

Na ce, "Allah ai yana gani."

Unguwarsu Whalley Range sunanta. Gida ne babba irin na masu hali na da, aka yanka shi huɗu, kowane iyali da nasa ɓangaren, shi suke ce wa flat. Nasu a sama yake, ƙasan kuma wani tsohon Bature ne shi kaɗai. Rukayya ta ce in riƙa taka ƙasa a hankali saboda katako ne. Kwana biyu ina tafiya a kan yatsu kamar ɓarauniya. A rana ta uku na ji gidan ba ƙanshi, na sa garwashi a kasko na zuba turaren wuta. Wani abu a jikin silin ya fasa ihu, na kowane ɓangare ya amsa masa, mutanen gidan duka suka fito waje cikin yayyafi, har da tsohon da silifas ɗinsa. Washegari na soya waina na aika masa ta ban haƙuri. Kwanon ya dawo a wanke tas, ba ko ƙwayar alewa a ciki, sai wani ɗan kati. Na kwana biyu ina tunanin fushi yake yi, tunda a wurinmu ba a mayar da kwano haka. Rukayya ta ce a'a, katin nan shi ne tukuicinsu.

Abincinsu ban saba da shi ba har na dawo. Mutum ya ɗauko burodi mai sanyi da ganye a tsakiya ya ce ya ci abincin rana. Amma akwai abin da ya burge ni: duk wanda zai sauka daga bas sai ya yi wa direba godiya. Ranar da Dakta ya kai ni Oxford Road in ga wurin aikinsa, na manta ban yi ba. Sai da na sa muka tsaya a wurin ko bas ɗin zai dawo, ya ce ko mun kwana a nan ba lalle mu ga wannan direban ba.

To, ga inda labarin yake.

Wata rana bayan azahar ina ninke kaya, sai na ji murya daga ɗakin Jidda tana hawa tana sauka, tana rawa kamar ta wadda aka yi wa rasuwa. Na banka ƙofa.

"Jidda! Wa ya mutu?"

Tana tsaye gaban madubi, idonta a bushe. Ta tuntsire da dariya.

"Kaka, practice nake yi. Ba wanda ya mutu."

"Wannan kukan ne practice?"

"Waƙa ce, tsohuwa."

"Tsohuwa tana gidanku."

"Ai nan ne gidanmu," in ji ta.

Rukayya ce ta warware mini. Akwai wata makarantar kiɗa da waƙa a Birmingham da ke ɗaukar yara kaɗan suna zuwa duk Asabar. Shekara biyu Jidda tana shirin shiga. Sau ɗaya ake gwaji a shekara, a gaban alƙalai uku, kuma Asabar mai zuwa ne. Da farko uban ya ƙi, sai da ta yi alkawarin ba za ta bari karatun boko ya yi ƙasa ba, ta kuma cika. Na tambaya ko waƙar coci ce, aka ce a'a, tsohuwar waƙar Italiya ce. Na tambaya ko za ta cire ɗankwali, aka ce a'a. Na tambaya ko akwai batsa a ciki, Rukayya ta ce, "Hajiya, ko ɗaya." Sannan ta ƙara da wannan: yarinyar ce da kanta ta roƙi a ɗaga tafiyata ta dace da ranar, domin ta ji an ce kakarta ta taɓa waƙa.

Da yawanku ba ku san wannan ba, don ban cika faɗa ba. Goggona Asabe zabiya ce, tana waƙa a bikin mata da kiɗan ƙwarya. Tun ina shekara tara nake cikin 'yan amshinta har na yi aure. Doka ɗaya ta koya mana: ba a barin zabiya a rataye. Da ta kai ƙarshen baiti ta ja numfashi, kafin numfashin ya gama shiga ku kun shigo. In aka ji shiru ko na ƙiftawar ido ne, an kunyata ta a gaban mata. Sau ɗaya na yi latti, a wani biki a Fagge, ina kallon masu rabon alkaki. Ba ta daina waƙa ba, ta miƙo hannu ta sauke mini ludayi a tsakar ka. Har yau in na taɓa wurin sai in ji kamar yana nan.

Na roƙi Jidda ta rera mini waƙar gaba ɗaya, ta ƙi. "Sai ranar, Kaka. Surprise ne." Guntu-guntu kawai nake ji ta bayan ƙofa.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko fiye kaɗan, kowa a zaune da kujerarsa, ba mai talla, ba mai hira. Jidda ce ta kasa shiru saboda fargaba, ta shiga ba ni tarihin waƙarsu, rabi da Hausarta rabi da Turanci, ubanta yana cike mata gurbi. Ta ce a da can mawaƙan Turai taruwa suke yi da yawa, wannan ya ja nan wancan ya ja can, muryoyi su sarƙe da juna, daɗi ya yi daɗi amma ba ka jin abin da ake faɗa. Sai wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce wasu mutane a Italiya suka ce a'a. A bar murya ɗaya ta ɗauki maganar, ta faɗe ta yadda mai baƙin ciki ko mai murna zai faɗa, makaɗa su tsaya a ƙasa suna tallafe ta kawai. Daga nan aka shafe wajen shekara ɗari ana gyara abin, waƙar ta ƙara tsawo da zaƙi, har aka kai ga mawaƙiya ta rera kashi na farko, ta rera na biyu, sannan ta koma na farkon ta yi masa ado da muryarta yadda ta ga dama. A wannan komawar, in ji ta, ake gane gwana.

Na ce, "To 'yan amshinki su nawa ne?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Ke kaɗai za ki tsaya?"

"Ni kaɗai. Shi ne abin, Kaka."

"Wato mutanen nan zama suka yi suka kori 'yan amshi, kuma ake yaba musu?"

Har Dakta sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba. Tausayin yarinyar ne ya kama ni.

Kafin mu shiga Rukayya ta karanta mini dokoki. A kashe waya. Ba a tafi sai an ga kowa yana tafi. Ba a fita sai an gama. In tari ya zo a haɗiye shi. Na kashe wayar, na duba ta sau uku, na ba ta ta riƙe. Na sha ruwa don tari. Duk abin da aka gaya mini na kiyaye. Abin da ba a gaya mini ba ne ya ci ni.

Ɗakin ba babba ba ne. Iyaye a baya, alƙalai uku a gaba da takardu. Makaɗa biyu: mace a gaban wani dogon akwati mai ƙafafu, mai sauti siriri kamar ana tsinkar waya, da wani mutum rungume da abu kamar gurmi, sai dai wuyansa ya fi mutum tsawo. Wata yarinya ta yi tata mai sauri, aka tafa. Sai wani saurayi da gemunsa ya fito, ya buɗe baki, muryar mace ta fito. Na leƙa bayansa ina neman matar. Rukayya ta taɓa ni ta ce shi ne, haka ake so.

Aka kira Jidda. Doguwar riga shuɗiya, ɗankwali baƙi, ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar fili.

Wallahi ban san yarinyar nan tana da abin nan a ƙirjinta ba. Ta fara a hankali kamar mai magana da kanta. Kalma ɗaya sai ta riƙe ta, ta ja ta siririya, ta kumbura ta, ta sake mayar da ita siririya. Ban san ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba, amma na san mace ce ke neman wani. Muryar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, ta kai wani wuri can sama kamar mai kira daga kan soro, sai ta yanke. Makaɗan ma suka ɗauke hannu. Jidda ta tsaya da hannu ɗaya a miƙe, idonta a bayan ɗaki, daidai inda nake zaune.

Shiru.

Numfashi ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Ba wanda ya shigo. Na ga jikata a rataye a gaban Turawa, tana miƙo mini hannu. Tsakar kaina ta yi zafi daidai wurin ludayin nan. Ban yi shawara da zuciyata ba, na rantse. Bakina ne ya buɗe da amshin Goggo, da muryar tsakar gidan biki:

"Muna nan, ayye, muna nan!"

Har da buga cinya.

Duk kawunan ɗakin suka juyo. Rukayya ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Dakta ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Mai akwatin ta ci gaba da kiɗa a inda ya kamata, amma Jidda ba ta shigo ba. Bakinta a buɗe, hannun nan ya sauka a hankali. Ɗaya daga cikin alƙalan, wata tsohuwa mai farin gashi, ta yi mata magana da taushi, aka koma baya kaɗan aka sake ɗauka. Ta ci gaba, amma muryar tana karkarwa, ba irin karkarwar da ake so ba. Da aka koma kashi na farko, wurin da ta ce a nan ake gane gwana, duk adon da na ji tana gwadawa ta bayan ƙofa ba ta yi ko ɗaya ba. Kuma da yake an koma farko, shirun nan ya sake zuwa. Ɗakin duka ya jira ya ji ko zan ƙara. Wani a gefe ya kasa riƙe dariyarsa. Ni kuwa na cusa gefen mayafina a baki na cije.

A waje mai dogon gurmin ya zo yana murmushi, ya ce wa Dakta wai in sake rera masa abin da na rera, ya yi masa daɗi. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Jidda tana jingine da bango, ba ta dubi kowa ba.

A jirgin dawowa Dakta ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa, da ma faɗan ya yi. Ya ce shirun nan a rubuce yake a takardar waƙar, da tsawonsa da komai. Matar cikin waƙar tana kiran wanda ya rasu ne, tana tambayarsa ina yake. Sai ta saurara. Rashin amsar shi ne zuciyar waƙar gaba ɗaya. Wata uku malamar Jidda tana koya mata yadda za ta tsaya a cikinsa ba ta yi gaggawa ba.

Bayan kwana goma saƙo ya zo. Ba a ɗauke ta ba, tana iya sake gwadawa baɗi. Dakta ya ce yara da yawa ba a ɗauka ba, kada in ɗora wa kaina. Na ce shi ya sani ko alƙalan? Na matsa masa sai da ya rubuta musu cewa laifin kakar ne, baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba. Suka amsa da ladabi cewa sun yi la'akari da abin da ya faru, hukuncinsu yana nan. Har yau ban sani ba ko da na yi shiru da an ɗauke ta. Ba kuma wanda zai iya gaya mini.

Jidda ba ta yi mini rashin kunya ba. Gaisuwa safe da yamma, ta kawo mini shayi, ta ce "sannu Kaka." Amma ta daina ce mini tsohuwa. Ta daina waƙa a ɗakinta. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Na nemi gafararta sau uku, kowane lokaci ta ce, "Ba komai," ta wuce.

Ana gobe zan taho, da la'asar, ina tuƙa musu tuwon sallama, ta shigo kicin ta kashe mini wuta.

"Zauna, Kaka. Ba ki ji waƙata ba."

Na zauna. Ta buɗe jakata da ke kan tebur, ta ɗauko goro, ta ɓantaro babba ta miƙo mini.

"Sa a baki. Kar ki tauna."

Na sa. Ta tsaya tsakanin firji da wurin wanke-wanke, ba makaɗi, ta fara. Ta hau, ta hau, ta yi kiran nan, ta yanke.

Na danne goron da harshe. Ina jin firji yana gurnani, ina jin bas yana wucewa a titi. Sai na gane na san shirun nan. Bayan rasuwar maigidana Malam, wata da watanni in na gama abinci sai in ɗaga murya in ce, "Malam, a kawo?" In tsaya da kwano a hannu ina saurare. Wannan ne. Mutanen nan na Italiya shi suka ɗauka suka sa a waƙa, ni kuma na je na toshe shi da bakina.

Da ta koma farko ta yi adon nan duka, ɗaya bayan ɗaya, muryar tana gangarowa kamar an tsinke zaren duwatsun wuya. Hawaye na zuba mini, goro na bakina, ba halin in ce komai.

Ta gama, ta yago takardar goge hannu ta ba ni.

"Shekara ɗari uku matar nan tana kira, ba wanda ya taɓa amsa mata sai ke."

Na fito da goron na ce, "Ki yafe ni, takwara."

"Me ma kika ce ranar?"

Na faɗa mata, a hankali, ba da waƙa ba. Ta maimaita da Hausarta mai santsi, "Muna nan." Sannan ta ce, "Baɗi za ki zo, tsohuwa. Amma ni zan saya miki goron, kuma Mama za ta zauna a kan ƙafarki."

To kun ji yadda ƙasar Turawa take. Akwai sanyi, wannan ba ƙarya na yi muku ba.

Ta turo mini waƙar a waya. Kullum bayan la'asar nakan rufe ɗaki in kunna, ina koyon abin da Goggo ta doke ni don kada in koya. Jiya na saurara sau huɗu. Sau uku na yi shiru.